Tsaya-Haka da Kyamara Mai Ido Biyu

Yayana mai hoto ne. Kowa Tsaya-Haka yake ce masa, don tun yana saurayi abin da ke bakinsa ke nan in ya sa mutum a gaba: "Ɗago haɓa. Sauke kafaɗa. To, tsaya haka." Har uwarmu, Allah ya jiƙanta, da wannan sunan take kiransa in ya ɓata mata rai. Ni ne autan ɗakinmu. Bakanike ne ni, ban iya daɗin baki ba, abin da na gani shi zan faɗa.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai aski da mai facin taya. A ciki akwai labule mai zanen bene da furanni wanda rana ta cinye rabinsa, da kujerar roba, da wata tsohuwar tarho marar igiya da 'yan mata kan kara a kunne a ɗauke su, da kwat guda a rataye wadda rabin mazan unguwarmu sun taɓa zura hannu a cikinta. A zamaninsa layi ake yi a ƙofar nan. Yana da babbar kyamara mai ido biyu, irin wadda ake rataya a wuya, a riƙe a ciki, a leƙa ta sama. Faffaɗan fim take ci, hoto goma sha biyu kacal a naɗi ɗaya. Ya kan ce faɗin fim ɗin ne sirrin: ko ka buga hoton ya kai girman ƙofa, sai ka ga gashin girar mutum ɗaya bayan ɗaya.

Abu biyu aka san shi da su a wurin aiki. Na farko, da kunne yake duba kyamara. A cikin idonta akwai wasu siraran ganyayyakin ƙarfe da ke buɗewa su rufe kamar ƙiftawar ido, su ne ke auna hasken da zai shiga. Yaya sai ya kara ta a kunne ya danna, daga ƙarar ya san ko tana da lafiya. Na biyu, in yana ɗaukar taro ba mahalukin da ya isa ya ɗaga wata kyamara. "Taro ido ɗaya yake kallo," in ji shi. "Ka ba su biyu, rabi su kalli gabas, rabi su kalli yamma, hoto ya zama kasuwa." Ya taɓa naɗe kayansa ya bar wani taron makaranta a tsaye saboda wannan.

Da ƙananan kyamarori masu kati suka shigo, ya sayar da mai ido biyun ya sayi wata 'yar mitsila. Da waya ta shigo, 'yar mitsilar ma ta koma ta fasfo kawai. Mutumin da manya ke yi wa tsayuwar soja ya zama wanda ake leƙowa a ce wa, "Baba, fasfo, yi sauri mota na jira na." Ba mai tsayawa a gyara masa haɓa. Ido ya yi rauni, tabaransa ƙafa ɗaya ta karye ya ɗaure da zare, kuma ba ya yarda ya sa shi a gaban baƙo. Yunwar girma ta fi yunwar ciki damunsa, ita ce kuma ta kai shi ta baro.

Ni a gareji nake aiki, wurin Oga, wanda ya koya wa kusan duk wani bakanike na yankinmu riƙon sifana. Rumfar kwano ce, da bishiya a tsakiya, da ramin duba ƙarƙashin mota, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da mai. Sai aka zo aka shafa mana jan fenti a bango, za a faɗaɗa titi. Oga ya tsufa, ƙafafu sun kumbura, ya san ba zai sake kafa wani garejin ba. Ya aika aka kira Yaya, don shi ya ɗauke shi hoto ranar da ya buɗe wurin.

"Tsaya-Haka, abu ɗaya nake so," in ji Oga. "Yarana duka, na da da na yanzu, a ƙarƙashin rumfar nan, kafin a rushe. Babba, wanda zan rataya a ɗaki in riƙa ganin kowa daga kan gado."

Ya ba shi kafin alƙalami. Yaya ya ce wannan ba aikin 'yar fasfo ba ne, na layin baya za su fito kamar ƙudaje. Sai mai faffaɗan fim. Ya haɗa abin da Oga ya ba shi da ɗan abin da matarsa ke ɓoyo don gyaran rufin ɗaki. Ta ce masa, "In damina ta zo, kyamarar za ka kifa mana a ka." Ya aika aka sayo masa fim naɗi ɗaya daga nesa ta hannun wani direba, abin da ya rage ya ƙulle a aljihu, ya ce in raka shi neman kyamara ta hannu.

Masu kyau sun fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Ashe yanzu 'ya'yan masu hali ne ke sayensu suna ratayawa a wuya don ado. Muka je gidan wata tsohuwa, matar wani mai hoto da ya rasu. Ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado ta fito da wata duk ta lotse a gefe, fatar jikinta ta ɓare, madaurinta igiyar shanya.

"Ga ta nan, ba zan yi muku ƙarya ba," ta ce. "Mummuna ce, gilashin leƙawa ya tsage a kusurwa. Amma da ita ya yi aiki har ya kwanta."

Kuɗinmu ya isa har da canji. Yaya ya kara a kunne ya danna, na ga ya gyaɗa kai. Sai ya juya ta ya kalli lotsewar, ya taɓe baki.

"Auta, ni zan tsaya gaban mutane da wannan gwangwanin?"

"Hoto za ka ɗauka ko aure za ka nema?" na ce.

Ya ajiye mata kayanta, muka fito.

Daga nan muka faɗa layin 'yan gwanjo, shagon wani da ake kira Lafiya-Lau. Komai ka taɓa a shagonsa, fanka ko rediyo ko dutsen guga, kafin ka buɗe baki ya ce "lafiya lau take." Shagon warin fitsarin ɓera yake yi da na tsohon batir. Kwanon da ya ci abinci jiya yana kan wata talabijin, ƙuda sun yi masa rumfa. Yana hango Yaya ya zabura ya miƙe har yana tuntuɓe.

"Inna lillahi! Wa nake gani? Maigida da kansa? Malamin masu hoto! Wallahi hoton babana da ke ɗakinmu kai ka ɗauka, har gobe in baƙi suka zo sai sun tambaya wane ne ya yi wannan aiki."

Ƙarya yake, ko a unguwarmu bai tashi ba. Amma na ga kafaɗar Yaya ta miƙe.

Lafiya-Lau ya shiga ciki ya fito da wata mai ido biyu a kan tafin hannu biyu kamar jaririya. Baƙa, tana ƙyalli, ba tabo ko ɗaya. Na shafa ta, yatsana ya yi baƙi. Man takalmi ne. Ya tofa yawu a idon na sama ya goge da bakin rigarsa. Da ya buɗe bayanta, wani busasshen ƙwan kyankyaso ya faɗo kan tebur. Ya ƙyasta shi da farce.

"Ka gani, Maigida? Alamar ba a taɓa ta ba ke nan. A ajiye take, tana jiran mai ita."

Yaya ya kara ta a kunne ya danna. Ta yi wata 'yar siririyar ƙara, sumul, ta rufe ƙat. Ya sake dannawa. Fuskarsa ta koma ta saurayi. Ni kuwa hancina wani abu yake ji.

"Yaya, man keken ɗinki nake ji. An ɗura mata mai."

Ya fi ni sanin cewa ganyayyakin nan a bushe suke aiki, mai guba ne a wurinsu. Abin da ya kamata ya yi bai fi ya buɗe bayan ya ɗaga ta a haske ya leƙa ba, da ya ga danshin. Amma ba zai gani ba sai da tabarau, tabarau kuma yana aljihu ɗaure da zare, ga mutum yana ce masa malami.

"Kai ko a ruwan sha mai kake ji," ya ce mini. "Giris ya toshe maka hanci."

Lafiya-Lau ya kwashe da dariya har ina ganin dasashinsa. "Ƙanin Maigida, mota daban, kyamara daban! Bar wa masu abu abinsu. Kunnen Maigida ai ya fi na'urar asibiti."

Ya faɗi kuɗin da ya ninka abin da muke da shi, sannan ya yi ta saukowa yana rantsuwa da iyayensa, har ya tsaya daidai kan abin da ke aljihun Yaya, kamar ya leƙa. "Don girmanka ne, wallahi faɗuwa na yi." Sai ya ƙara da cewa, "Amma ba za ka fita ba sai ka gwada ta a kaina. In mutu in ce Tsaya-Haka ya taɓa ɗauka na."

Yaya ya ɗora fim ɗinsa ɗaya tilo a nan cikin warin. Ya fito da mutumin bakin ƙofa inda haske yake, ya gyara masa haɓa, ya sauke masa kafaɗa. "To, tsaya haka." Ƙat. Saura goma sha ɗaya.

A hanya na ce ya aika a wanke mu ga abin da ta yi. Ya ce ba a wanke fim rabi, kuma mai wankin yana can garin da aka sayo shi, kafin ya je ya dawo an rushe garejin, ga shi ba kuɗin wani naɗin. Na ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Ya ce, "Na ji ta da kunnena." Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ya naɗe ta a tawul ya ajiye a shago, ƙarƙashin kwanon rufi mai zafi, ta yi kwanaki tana jira.

Ranar ɗauka, katafila ta riga ta fara cin gine-ginen bakin layinmu. Ƙasa na rawa, ba ka jin na kusa da kai sai ya yi ihu. Amma mutane sun zo. Waɗanda suka bar garejin tun ina sabon shiga sun zo da furfurarsu, wasu daga garuruwa masu nisa. Kowa ya sa wankakkun kaya, ya kankare farce da fetur. Aka ɗora Oga a kujera a tsakiya. Yaya ya jera mu, gajeru a gaba, dogaye a baya, wasu a kan bodin wata tsohuwar mota. Nan da nan wayoyi suka fito daga aljihu.

Yaya ya rufe kyamara ya harɗe hannu. "Ko ni ko su."

"Haba Baba, ɗaya kawai, na tarihi!" in ji wani mai walda.

"Tarihin ne na zo yi. Taro ido ɗaya yake kallo."

Oga ya ɗaga sandarsa. "Ku bi maganar mai aiki. Auta, kawo kwanon wankin noti." Na zagaya da kwano, kowa ya jefa wayarsa yana gunaguni, na kai ofis na ajiye.

Ya leƙa ta sama, ya ɗaga hannu. "Tsaya haka!" Ya danna. Na ga ya sunkuyar da kunne wajen kyamarar, ya ɗaure fuska. Katafila ta yi gurnani. Ya murɗa, ya sake dannawa, ya sake kai kunne. Ba abin da zai ji a wannan hayaniyar, ko bindiga aka harba. Haka ya yi ta yi har fim ya ƙare. Yana cewa an gama, direban katafila ya danna oda a bakin ƙofarmu. Aka watse da gudu, masu tura mota na turawa, masu kwasar jak da sifana na kwasa. Kowa ya zari wayarsa daga kwano ya sa a aljihu. Ba wanda ya sake tunanin hoto. Kafin la'asar rumfar tana ƙasa.

Da direba ya dawo da fim ɗin, ina shagon Yaya. Ya miƙa masa ambulan ya ce, "Mai wankin ya ce in gaya maka idon kyamararka a buɗe yake kwana."

Yaya ya zaro fim ɗin ya ɗaga a hasken ƙofa. Wannan karon ya sa tabarau. Hoton farko ya fita tas. Sauran goma sha ɗaya baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ba rumfa, ba bishiya, ba Oga, ba kowa. Man da aka ɗura ya daskare ya haɗu da ƙura, ganyayyakin in sun buɗe sai su maƙale, haske ya yi ta kwarara ya ƙone komai. Ya ɗauko ƙaramin sukuddireba ya kwance idon. Abin da ya maƙalo a bakin sukuddireban kamar majinar mai mura. Na fita na tofar da yawu.

Hoto ɗayan da ya fita, mai wankin ya buga shi. Lafiya-Lau ne, baki har kunne. Ga ƙurji a gefen hancinsa, ga guntun abinci a haƙorinsa, ga gashin hancinsa kana iya ƙirgawa. A rayuwata ban ga hoton da ya fita kamar wannan ba. Duk abin da Yaya ke faɗa a kan faffaɗan fim gaskiya ne, ga shi a kan wannan fuskar aka kashe shi.

Na ɗauki babbar sifana. Yaya ya ce in ajiye, shi zai yi magana. Muka je shagon Lafiya-Lau. Ya dire kyamarar a tebur, ya shimfiɗa baƙin fim ɗin, ya ajiye hoton a gefe. Lafiya-Lau bai ko kalli fim ɗin ba. Ya fizgi hoton ya fita tsakiyar layi.

"Jama'a ku zo ku gani! Kyamarar shagona ce ta yi wannan! Ban ce lafiya lau take ba? Ga shaida! Maigida, hannunka bai mutu ba, wallahi har yau ba kamarka!"

"Mai ka zuba mata," in ji Yaya.

"Ni? A hannuna ta ɗauki wannan ko a hannunka ta lalace? Ka kai ta gareji, wurin masu mai, sannan ka zo ka ce ni?"

'Yan layi suka taru suna miƙa wa juna hoton, suna "kai, tsohon nan ya iya aiki." Na dubi Yaya. A tsakiyar wannan wulaƙancin, na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa, yabon ya shige shi. Wannan ya fi ƙwan kyankyason ƙazanta a idona. Shi ma ina jin ya ji abin a jikinsa, don nan take ya sunkuyar da kai ya tattara fim ɗinsa.

"Riƙe hoton," ya ce. "Ba na so fuskarka ta kwana a shagona."

Ko sisi bai dawo mana ba.

Abin da ya sa ban yanke ƙauna daga Yaya ba shi ne abin da ya yi bayan nan. Bai aike ni wurin Oga ba, da ƙafarsa ya je, ina biye da shi. Muka same shi a kan gado, ya riga ya sa an buga ƙusa a bangon da ke fuskantarsa. Yaya ya miƙa masa baƙin fim ɗin, bai ambaci ɗan gwanjo ba, bai ambaci katafila ba. Ya ce, "Bai fita ba. Na sayi ƙyalli na bar aiki."

Oga ya daɗe yana kallon ƙusar. "Ko na waya babu?"

"Ni na hana."

"Ni kuma na tattara," in ji Oga. Yaya ya fara maganar mayar da kafin alƙalami, Oga ya ɗaga hannu. "Ban ce ka ajiye mini kuɗi ba. Fuskoki na ce."

Washegari Yaya ya koma gidan tsohuwar nan. Tana ganinsa ta ce, "A'a, an dawo wurin gwangwani?" Ta ba shi aro, da sharaɗin ita ma ya ɗauke ta. Ya sayar da fitilun shagonsa ya aika aka sayo fim. Naɗin farko a kan bango da awaki da mai facin taya ya ƙarar da shi, ya aika aka wanke, sai da ya gani da idonsa sannan ya yarda. Daga nan ya rataya gwangwanin a wuya da igiyar shanya, tabarau mai zare a hanci, ya shiga bin yaran Oga ɗaya bayan ɗaya. Wani yana gyara a ƙarƙashin gada, wani ya koma haya da babur, wani yana gadi. Tsoho ne, yana hawa motar haya yana sauka, rana na dukansa, damina ta zo ɗakinsa na yoyo, matarsa na jera bokitai tana yi masa kallon da ya fi zagi.

Bai samu kowa ba. Wasu sun bar gari ba a san inda suka nufa ba. Mai waldan nan ya ce shi ba zai sake tsaya wa kowa haka ba. Ɗaya daga cikin masu furfura ya rasu. Waɗanda ya samu, ya yanke hotunansu ya liƙa a babban allo, kowa a gurbin da ya tsaya ran nan, gajeru a gaba, dogaye a baya. Inda babu mutum ya bar wurin fari.

Muka kai wa Oga, na rataya a ƙusar. Ya bi fuskokin da bakin sandarsa yana kiran kowa, har fararen guraben ma ya kira masu su. Sannan ya ce, "Rumfar fa?"

Kwalta ce a wurin yanzu, manyan motoci na bi ta kan ramin da na yi rabin rayuwata a ciki.

Hoton Lafiya-Lau yana nan a shagonsa, ya sa masa firam mai ruwan zinariya, da shi yake rantsuwa in zai sayar wa wani da kyamara. In hanya ta bi da ni layin, tsallakawa nake yi ɗaya gefen. Nawa hoton kuwa yana layi na biyu a allon Oga, baki a murguɗe kamar na haɗiyi maɗaci. Ina cikin zagin mutumin ne Yaya ya ce, "To, tsaya haka," ya danna.